Ƙanƙara: An Ce Yara 333 Ake Nema, Aka Samo 344

Daren Juma'a ne, 11 ga Disamba, 2020. Sanyin hunturu ya sauka, ƙura ta rufe sama, yara maza sama da 800 na Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suna ɗakunan kwanansu. Wajen ƙarfe goma saura, a faɗar 'yan sanda, sai aka ji harbi. Da farko wasu yaran ba su tada hankalinsu ba. Ƙanƙara tana iyaka da Zamfara, daji ɗaya ya haɗa su, ƙarar bindiga da dare kuwa kunnen mutanen yankin ya saba da ita. Yaran suka ɗauka a cikin gari ake yi. Ashe a bakin ƙofarsu ne.

Mai karatu, ɗauka kai ne ɗaya daga cikinsu. Shekararka 14, gidanku yana Funtuwa ko Malumfashi ko cikin birnin Katsina. Babu uwa kusa, babu uba. Ga duhu, ga harbi yana ta matsowa, kowa na ihu, kowa na ta kansa. Wa ya taɓa zaunar da kai ya ce, ranar da ka ji haka, ga ƙofar da za ka bi, ga inda za a haɗu, ga wanda za ka saurara? Za ka shige ƙarƙashin gado ka yi lamo, ko kuwa za ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba?

Yawancinsu gudun suka zaɓa. 'Yan sandan da ke gadin makarantar sun tsaya, suka yi musayar wuta da maharan, har aka harbi wani sufeto daga cikinsu ya ji rauni. Su 'yan kaɗan ne, waɗanda suka zo kuwa sun zo da yawa a kan babura, kowa da AK-47 a kafaɗa. Duk da haka ɗan lokacin da suka riƙe ƙofa shi ya ba ɗaruruwan yara damar haura katanga su faɗa daji. Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce an tsallake rijiya da baya. Sai dai maharan suna da wani makami da ba ya ƙara.

Yara sun dira bayan katanga, sun fara nausawa cikin duhu, sai suka ji ana ƙwala musu kira daga baya, ana cewa su dawo. Muryoyin manya ne, irin na masu ba da umarni, wasu daga cikin masu kiran ma kayan soja ne a jikinsu. To, mai karatu, a nan nake so ka tsaya ka yi wa kanka adalci. Kana daji tsakar dare, ba takalmi, ƙaya na sukar ka, ba ka san gabas ba balle yamma. Tun kana ƙarami aka hore ka cewa in babba ya kira ka amsa. Yanzu ga mai kaki yana kiran ka. Za ka juyo, ko za ka ƙara wuta?

Da yawa suka juyo. Sun ɗauka jami'an tsaro ne suka kawo ɗauki. Tarbiyya ce ta dawo da su, da kuma yardar da ɗan makaranta ya yi wa kaki. Sai da aka tara su wuri guda sannan ido ya raina fata: masu kiran su ne mutanen da suke gudu dominsu. Yaran da harsashi bai tsayar ba, murya ta tsayar da su. Aka tasa su gaba, aka nufi daji.

Kwana suka yi suna tafiya a ƙasa. Mai takalmi da marar takalmi, ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida, duk tafiya ɗaya. Wanda ya gaza a tsula masa bulala daga baya. A wani wuri cikin dajin maharan suka tsayar da su, suka yi wani abu da nake so ka riƙe a ranka, don shi ne ƙashin bayan wannan labari. Suka sa manyan ɗalibai su ƙirga 'yan'uwansu. Wani yaro da ya kuɓuta ya shaida wa manema labarai cewa sun ƙirga 520. Ka ji fa. Gari bai gama wayewa ba, ɓarawo ya riga ya nemi sanin adadin abin da ke hannunsa.

Shi wannan yaron ciwon sikila gare shi. Duk wanda ya zauna da mai sikila ya san sanyi da gajiya da ƙishirwa su ne manyan abokan gabarsa, ga shi duk ukun sun haɗu masa a dare ɗaya. Da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa sai ya dafa kafaɗun abokansa biyu, suka riƙa jan sa. Su ma yara ne, su ma a gajiye suke, kuma sun san wanda ya yi baya shi bulala take fara samu. Mai karatu, da kai ne ke da lafiyayyar ƙafa a wannan tafiya, za ka ɗauki nauyin wani a kan naka, ko za ka zame kafaɗa ka ce kowa tasa ta fisshe shi?

Ba su zame ba. Da duhu ya sake shiga, yaron ya yi ta karanta abin da ya sawwaƙa daga Alƙur'ani, ya faki ido, ya sulale. Ya yi ta lalube har Allah ya kai shi wani masallaci, ya shige ya ɓuya. Tari ne ya tona shi. Wani mutumin wurin ya ji, ya leƙa, ya ga yaro cikin kayan makaranta, a galabaice. A irin waɗannan ƙauyuka kowa ya san abin da ke samun wanda ya shiga tsakanin ɓarayin daji da abin da suka kama. Kai da za ka yi kamar ba ka gani ba, wa zai zarge ka?

Bawan Allahn nan bai kau da kai ba. Ya kawo wa yaron wasu tufafi ya sauya, don kayan makarantar su ne za su tona asirinsa a hanya. Dubi wannan hankali. Ba shi da bindiga, ba shi da muƙami, amma cikin ɗan lokaci ya gano inda hatsarin yake, ya toshe shi. Daren Lahadi yaron ya isa gida wurin iyayensa. Saura ɗaruruwa kuwa suna can, ana ta nausawa da su yamma.

A Ƙanƙara, safiyar Asabar ta waye wa iyaye a ƙofar makaranta. Suka yi cirko-cirko, kowa da sunan da yake kira. Yaran da suka kwana a daji suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, 'yan sanda suka ce sama da 200 sun dawo. Wasu ba su biyo ta makaranta ba sam, gida suka zarce. Wasu iyayen da suka ga nasu suka kama hannunsa suka yi gaba, wa zai tsaya neman wanda zai rubuta suna? Gwamna Aminu Bello Masari ya zo, ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar. Sai aka zo kan tambayar da ta fi kowace sauƙi a baki: yara nawa ne babu?

Nan fa ake yin ta. Ranar Lahadi gwamna ya ce makarantar tana da ɗalibai 839, kuma 333 ne ba a gani ba. Ya ce ana bin iyaye ta waya ana tambayar ko 'ya'yansu sun iso gida. Daga fadar shugaban ƙasa kuwa, kakaki Garba Shehu ya shaida wa BBC cewa, bisa abin da yaran da suka tsere suka faɗa, yara goma ne kawai suka rage a hannun maharan. Yaron da ya fito daga dajin ya ce 520 aka ƙirga. Mai karatu, ka zama uba a wannan rana. An ce goma, an ce 333, an ce 520, naka kuma ba ya gida, ba ya makaranta. Wanne za ka gaskata?

Kada ka ɗauka wannan gardamar lissafi ce kawai. Wanda bai san adadin da ya ɓata ba, yaya zai san yawan dakarun da zai tura? In an zauna ciniki da ɓarayi suka miƙo wasu suka riƙe wasu, da me zai gane? Mai kiwon awaki ma, in magariba ta yi, sai ya ƙirga su kafin ya rufe garke, in ɗaya ta yi ɓatan kai ya san kalarta. A nan kuwa 'ya'yan mutane ne, an kwana biyu ana neman adadinsu ta wayar salula.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin zafi, Shugaba Muhammadu Buhari yana cikin jihar. A ranar da aka kai harin ya sauka Daura don hutun mako guda, tazarar kilomita wajen 200 daga Ƙanƙara. Ya yi Allah wadai, aka turo tawaga daga Abuja ƙarƙashin ministan tsaro Bashir Magashi, amma shi da kansa bai taka Ƙanƙara ba, abin da ya jawo surutu a ko'ina. Iyaye dai suna nan a ƙofar makaranta, ana ta ba su haƙuri. Ba su san akwai labarin da ya fi wannan muni yana tafe ba.

Ranar Talata, 15 ga wata, sai ga saƙon murya ya ɓulla. Mai maganar ya ce shi ne Abubakar Shekau, jagoran Boko Haram, ya ce mutanensa ne suka yi aikin Katsina, wai don yaƙi da karatun boko. Hantar kowa ta kaɗa. Ɓarayin daji kuɗi suke so, wannan an sani, ana iya ciniki da su. Shekau kuwa sunansa kaɗai ya isa ya tuna wa uwa Chibok, inda aka kwashe 'yan mata 276 a watan Afrilun 2014, kuma a lokacin da ake wannan magana sama da 100 daga cikinsu ba su dawo ba, shekara shida ke nan. Gwamnatin Katsina ta tsaya a kan cewa ɓarayin da aka sani ne, kuma ana magana da su. Amma wa zai iya barci?

Ranar Alhamis, 17 ga wata, aka saki bidiyo mai ɗauke da tambarin Boko Haram. Ga yara nan a gindin itatuwa, fuska duk ƙura, ƙananan suna kuka. Aka tsayar da wani babba a cikinsu yana roƙon gwamnati ta janye sojoji, ta rushe 'yan sa-kai, ta rufe makarantun boko. Kowa ya ga maganar cusa masa aka yi. A ranar ce matasa suka fito zanga-zanga a birnin Katsina suna neman a dawo da yaran. Duk wanda ya ga bidiyon nan da rana ya ce shi ke nan, an shiga irin ta Chibok. Kafin a kwanta barci labari ya juye.

Da daren nan Gwamna Masari ya fito ya ce an sako yaran, suna hannun jami'an tsaro a Zamfara, ta wajen Tsafe. Ranar ta zo daidai da cikar Shugaba Buhari shekara 78 da haihuwa. Gwamnati ta ce tattaunawa aka yi, da hannun shugabannin Miyetti Allah da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle, ta kuma ce ba a biya ko kwabo ba, maganar da mutane da yawa suka ji da kunne ɗaya. Sai aka faɗi adadin waɗanda aka karɓo: 344. Koma baya kaɗan, mai karatu. 333 aka ce ana nema. Su waye 11 ɗin nan da aka samo ba a san sun ɓata ba?

Safiyar Juma'a, 18 ga Disamba, motoci suka shigo da su birnin Katsina, aka sauke su a gidan gwamnati. Suka sauko a jere, da yawansu ba takalmi, wasu na ɗingishi, wasu sun yafa barguna, fuskoki sun yi furu-furu. Sun ba da labarin duka da yunwa da shan ruwan da ko dabba sai ta yi shakka. Shugaba Buhari ya zo ya gan su, ya yi musu magana da Hausa, ya ce kada abin da ya faru ya raba su da karatu. Daga baya aka sada su da iyayensu. Ranar an yi kukan daɗi a Katsina. Kwana ɗaya tak aka yi ana wannan murna.

Daren Asabar, 19 ga wata, 'yan Islamiyyar garin Mahuta a ƙaramar hukumar Ɗandume suna dawowa daga Maulidi a wani ƙauye, sai suka yi kiciɓis da ɓarayi a hanya. Aka tasa su gaba. 'Yan sanda sun ce yara 80 ne. Amma dubi yadda wannan ta ƙare. Nan take aka sanar da baturen 'yan sandan Ɗandume, mutanen gari da 'yan sa-kai suka fito, aka bi sawu tun ƙafa ba ta yi nisa ba, aka yi artabu, aka ƙwato yaran kafin su kwana biyu a daji. Jiha ɗaya, mako ɗaya, irin ɓarayi ɗaya. Can kwana shida, nan dare ɗaya. Me ya raba su in ba saurin kira da saurin amsawa ba?

Saura mai gayya mai aiki. Da ƙura ta lafa sai sunan Auwal Daudawa ya fito, wani jagoran ɓarayi a dazukan Zamfara. A watan Fabrairun 2021 sai ga shi a gidan gwamnati a Gusau da wasu yaransa, ya ajiye bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya bar ta'asa. Aka yi masa afuwa. Ya ma yi hira da 'yan jarida, ya ce ya kwashi yaran ne don ya nuna wa gwamnatin Katsina zai iya, tunda gwamna ya ce ya daina sulhu da su. Dama Masari ya gwada sulhun a 2019, ya janye a 2020 ya ce an ci amanarsa. Mai karatu, da kai ne uban yaron da ya taka ƙaya kwana shida, ka ga mutumin nan a talabijin ana karɓar tubarsa, me za ka ce?

Duk abin da ka ce, lokaci bai ja ba ya ba da tasa amsar. Tuban muzuru ne. A watan Afrilu Daudawa ya koma daji, kuma kafin watan ya ƙare aka harbe shi a dajin Dumburum, a wani faɗa da wata dabar ɓarayi kan shanu. Ba a yi wata guda ba, a Mayun 2021, Shekau ma ya gamu da ajalinsa a Sambisa a rikicinsa da 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga ƙungiyarsa. Mutum biyu suka yi taƙama da daren Ƙanƙara. Cikin wata shida duk sun tafi, kuma kowannensu 'yan'uwansa masu bindiga ne suka yi sanadinsa.

Sai dai sun bar mugun gado. Sauran ɓarayi sun ga cewa makaranta wuri ne da ake samun mutane da yawa a dare ɗaya, kuma gwamnati takan zo teburin magana da gudu. Aka shiga Kagara a Jihar Neja ranar 17 ga Fabrairu, 2021, aka shiga Jangebe a Zamfara ranar 26 ga wata. Manyan makarantu suna ganin abin na 'yan sakandare ne, sai ga shi a ƙofarsu. Ranar 11 ga Maris aka kwashi ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna. Ranar 20 ga Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield a hanyar Kaduna zuwa Abuja, aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka ɗauka tun ana cikin ciniki. Wa ya ce gemu ko digiri yana hana a tasa mutum gaba?

Kuma ciwon nan na rashin ƙirga bai warke ba. A Chibok, kwana biyu da harin, rundunar soja ta ce an samo 'yan matan duka sai takwas, daga baya ta janye maganar. A Jangebe an ce 317, aka karɓo 279. A Kuriga ta Jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, an ce 287, aka karɓo 137, gwamnati ta ce su ke nan. Shekara goma tsakanin Chibok da Kuriga. Tun watan Mayun 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, da Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya, a wurin. An yi taruka, an sa hannu a takardu. Littafin kiran suna kuwa, wanda kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba, shi ne har yau yake ba mu kunya.

To, in makarantar da ke da katanga ɗaya da ƙofa ɗaya da kiran suna ta sha wannan wuya, ina ga jami'a? Bi hanyar Dutsinma daga cikin birnin Katsina ka gani. Ga Jami'ar Al-Qalam, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa can gaba a bayan gari. Dubban matasa ne, kowa da harkarsa. Wani ya tafi gida ƙarshen mako bai gaya wa kowa ba, wani ya kwana wurin aboki, ɗakin mutum huɗu takwas ne a ciki. Ɗakunan kwanan makaranta ba sa isa, don haka da yawa haya suke kamawa a unguwannin kewaye. In wani abu ya faru ƙarfe biyun dare, wa ke da sunayensu?

Ɓarayi sun riga sun gano wannan kafa. Ranar 22 ga Satumba, 2023, gidajen haya na Sabon Gida suka shiga, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashi ɗalibai sama da 20, yawancinsu mata. Ba a yi mako biyu ba, ranar 4 ga Oktoba, suka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, su ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Ba su taɓa ƙofar jami'a ba, ba su gamu da maigadinta ba. An kashe kuɗi an gina katanga, ɗalibin da aka gina dominsa yana kwana a bayanta.

Abin da daren Ƙanƙara ya koyar ba ya buƙatar jirgin yaƙi. Na farko, a san wanda ya kwana a ina. Kowane ɗakin kwana da rajistarsa, kowane gidan haya da ɗalibai ke ciki a rubuce, da sanin mai unguwa da mai gidan, da lambar iyaye, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam, don ofishin da aka ajiye na farkon yana iya zama wurin da ba ya shiguwa. A san masu sikila da masu asma da masu lalurar ƙafa, a san wanda zai kama hannun kowannensu. Yaron nan ya dace da abokai na gari. Na gaba da shi fa, sai a bar shi ga dace?

Na biyu, a san inda za a gudu da inda za a haɗu, a kuma gwada da rana tsaka tun babu abin da ya faru, ko sau ɗaya ne a kowane zango. Ƙafar da ta taɓa bin hanya da rana ba ta ɓata da dare. Wannan atisayen shi ne dai zai yi aiki ranar gobara, ranar ambaliya, ranar tarzoma. A duba ƙofofin da aka garƙame da kwaɗo don tsoron ɓarawon waya, da tagogin da aka yi wa ƙarfe ba mafita. Abin da ke hana na waje shiga, shi ne ke hana na ciki fita in wuta ta tashi.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. A koya wa ɗalibi muryar da zai amsa wa. A sami alama da kowa ya sani, jiniya ce ko ƙararrawa, wadda ke nufin a gudu, da wata da ke nufin ƙura ta lafa. A gaya masa ƙarara cewa in ya tsira ya ɓuya, kaki kaɗai bai isa ya fito da shi ba, ya jira alamar nan ko wayewar gari. Kada kuma a jingina komai ga waya. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da ɓarayi, har da Ƙanƙara da Dutsinma. Shirin da ba ya tafiya sai da sabis, ranar da aka ɗauke sabis me ya rage?

Za ka ji ana cewa tsaro na Allah ne. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma mutumin masallacin nan da ya ga yaro, addu'a kaɗai ya yi masa, ko kuwa har da sauya masa riga? Mutanen Mahuta da suka ji an tafi da 'ya'yansu, zama suka yi suna jiran sanarwa daga Katsina? Duk inda aka tsira a wannan labari, za ka tarar wani ne ya yi abin da ya dace a kan lokaci. Duk inda aka sha wuya kuma, za ka tarar ihu ne aka yi bayan hari.

Saboda haka, mai karatu, in kana da ɗa ko 'ya ko ƙanwa a jami'a, a Katsina ne ko Dutsinma ko Kano ko Zariya, kira su yau ka yi musu tambaya uku. In an ji harbi ko aka ga hayaƙi da dare, ina za ku nufa? Wa za ku kira? A littafin wa aka rubuta inda kuke kwana? In suka ce ba su sani ba, kada ka tsaya a kan Allah ya kiyaye. Tashi ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka maimaita tambayoyin nan, ka tafi da wasu iyayen in da hali, kada kuma ku baro wurin sai an ba ku amsa.